Hanyar daji mai sassaƙe-sassaƙe: akwai irinta a duwatsun Bauchi da Gombe?

Tambaya: Baba, barka da hutawa. Ni ɗalibi ne a Gombe. Na ga wani bidiyo a Facebook na wata hanyar ƙafa a ƙasar Italiya, ta ratsa daji ta zagayo inda ta faro, an jera sassaƙe-sassaƙe a gefenta, ga ƙauyuka a kan duwatsu. Ni da abokaina, mu tara, muna son yin irin wannan tattaki idan an yi hutu. Akwai irinta a nan Gombe ko Bauchi? In babu, me zai hana a yi? Kuma yaya za mu shirya? An ce mini ka daɗe kana aikin daji.

Amsa: Barka kadai, ɗana, Allah ya yi albarka. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don yawancin samarin da ke zuwa wurina a kan daji, ko dai itace suke nema ko gawayi.

A duk shekarun da na yi ina malamin daji, tun Gombe tana cikin Jihar Bauchi kafin a raba a 1996, ban taɓa taka hanyar da aka share, aka kafa mata alluna, aka ajiye mata sassaƙa kamar wadda ka gani ba. Amma duk abin da ya sa waccan ta burge ka muna da shi, har da ƙari. Bambancin kawai shi ne namu yana da masu shi, kuma suna nan da ransu suna noma a kansa. Don haka ba a shigarsa da tikiti, da sallama ake shiga.

Bari in fara gaya maka abin da ka gani. Da alama Arte Sella ce, a wani kwari da ke lardin Tirentino a arewacin Italiya. An fara ta a 1986. Masu fasaha ne ke zuwa su yi aiki da abin da dajin ya ba su, rassa da gungume da dutse da ganye, su saƙa ko su jera, su tafi su bar shi rana da ruwa su ci har ya koma ƙasa. A ƙarshen Oktoban 2018 wata guguwa ta kwantar da itatuwa masu yawa a yankin ta lalata ayyuka da dama, aka sake yin wasu. A Ingila ma akwai irinta a dajin Din, ita ma 1986 aka buɗe ta, zagayen kamar kilomita 7 ne, kuma abin da aka fi saninta da shi wata ƙatuwar taga ce ta gilashi mai launi da aka rataye tsakanin bishiyoyi. Wadda ta fi kama hankalina kuwa ta Faransa ce, a yankin Mez, inda ƙauyukan manoma shida suka haɗa kai tun 1997, suka fitar da hanyoyi na kimanin kilomita 45 a dazuzzukansu. Masu fasahar da ke zuwa, a gidajen mutanen ƙauyen suke sauka, tukunya ɗaya ake ci. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

A nan gida Najeriya wurare biyu ne suka fi kusa da abin da kake nufi, kuma su biyun ne hukumar UNESCO ta fara sa wa hannu a ƙasar nan. Kurmin Osun da ke Oshogbo, wanda aka sa a jerin kayan tarihin duniya a 2005, daji ne mai faɗin kadada 75 a bakin kogi, cike da manyan sassaƙe-sassaƙe na siminti da ƙarfe da katako, waɗanda wata Baturiya 'yar Ostiriya, Susanne Wenger, ta yi tare da masu sana'ar garin. Sai dai ka sani, wurin bauta ne na addinin gargajiyar Yarabawa, har gobe ana yi. Na biyun shi ne Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Adamawa, wanda ya shiga jerin tun 1999: gari ne a kan dutsen Mandara, da hanyar hawa da aka shimfiɗe da duwatsu, da gonaki hawa-hawa, da fadar sarkinsu da suke kira Hidi, duk ginin dutse. Sukur ita ce ainihin ƙauyen kan dutse da kake mafarki, amma yankin ya sha wahalar Boko Haram, ba wurin da zan tura ɗalibai tara su je da kansu ba ne.

Na san a cikinku ba za a rasa wanda zai ce ai sassaƙa gunki ne ba. Hukuncin surar abu mai rai na malamai ne, ku tambaye su. Abin da zan iya shaida a kai shi ne, yawancin ayyukan da ke irin waɗancan hanyoyi ba surar mutum ko dabba ba ne. Wani kamar sheƙar tsuntsu ce ƙatuwa, wani kamar rumbu, wani zobe ne na duwatsu kawai. Amfaninsu ɗaya: su tsayar da mai tafiya. Mutum in ya shiga daji idonsa na kan ƙafarsa, hankalinsa na kan isa. In ya ci karo da abin da hannu ya yi a inda bai zata ba, sai ya tsaya, in ya tsaya kuma sai ya ga bishiyar da ke bayan abin, ya ji kukan tsuntsun da tun ɗazu yake yi. To abin da zai tsayar da kai a duwatsunmu ba ya ƙirguwa.

Fara da duwatsun kansu. In ka bi hanyar Bauchi zuwa Dass, ko ta Jos wajen Zaranda da Toro, za ka ga dutse kamar ɗaki ya hau kan wani da bai kai rabinsa ba, ka rantse da hannu aka aza. Ruwa ne ya yi wannan aiki tun dutsen yana binne. Yana bin tsaga yana cin kusurwa a hankali har dunƙulen ya zama kamar curin fura, daga baya zaizaya ta kwashe ƙasar da ke rufe da shi ta bar shi a tsaye a kan ɗan'uwansa. Akwai ma wani nau'in dutse mai duhu-duhun kore a kewayen garin Bauchi da masana suka raɗa wa sunan garin, bocait, kuma Farfesa Oyawoye ne ya ba shi sunan. Ta ɓangarenku na Gombe labarin ya sake. Mafi yawa dutsen yashi ne, irin na Bima da ke wajen Dadin Kowa, sai kuma tsiraru masu tsini a kudu, irin dutsen Tangale, waɗanda ragowar maƙogwaron aman wuta ne da ya daskare, abin da ke kewaye da shi ya zaizaye. Wannan bambanci ba na littafi kawai ba ne, ƙafarka za ta gaya maka. Falalen dutse irin na Bauchi yana riƙe takalmi in ya bushe, amma in ruwa ya taɓa shi ya fi sabulu santsi. Dutsen yashi kuwa yakan ɓare a hannunka daidai lokacin da ka dogara da shi.

Sai aikin hannun mutanen da. A Dutsen Zane kusa da Geji, cikin Ƙaramar Hukumar Toro, akwai zanen dabbobi da jan launi a jikin kogo, kuma yana cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta keɓe, haka na Shira, haka na Shadawanka a gefen garin Bauchi. A gindin mashigar Panshanu, kan hanyar Jos, akwai tarin duwatsun nan na Kwandon Kaya da hannu ya tara, shi ma yana cikin jerin. In ka shiga Yankari, bayan ruwan Wikki da kowa ke rububinsa, akwai kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutsen yashi, da rijiyoyin Dukke, da tsofaffin matoyan tama inda aka narka ƙarfe. Sai dai Yankari ba wurin yawo da ƙafa yadda ka ga dama ba ne, akwai giwa da ɓauna, sai inda ma'aikatan suka kai ka.

Amma in ka tambaye ni wace sassaƙa ce ta fi kowacce a jihohin nan biyu, zan ce maka gonakin Tula. Ka tsaya a gindin gangare ka ɗaga kai, ka ga jeren duwatsu layi bisa layi kamar matakala, kowane layi yana riƙe da 'yar ƙasar da aka shuka dawa ko wake a kanta. Babu siminti, babu laka. Kowane dutse sai da wani ya ɗauka ya juya shi ya nemo fuskar da zai zauna da ita, kuma duk damina sai an gyara inda ruwa ya ture. Na taɓa zama rabin yini ina kallon wani dattijo yana mai da bakin gonarsa da ya zube. Ba ya gaggawa, ba ya aunawa, in ya ɗaga dutse ya riga ya san gurbinsa. Mutanen Italiya suna biyan kuɗi su ga an jera dutse a daji. Mu muna wuce wanda ya fi shi a mota, gilashi a rufe.

Yanzu maganar shiga, wadda ita ce zuciyar amsata.

Ka taɓa tambayar kanka me ya kai mutum ya gina gida a kan dutse, inda ruwa sai an sauko, ƙasar noma sai an tara da hannu? Tsoro ne ya kai shi, tsoron mahaya. A ƙarni na 19 da ma kafinsa, harin bayi da yaƙe-yaƙe sun sa ƙabilu da yawa sun hau inda doki ba ya iya hawa: Jarawa da maƙwabtansu a duwatsun Dass, Tangale da Tula da Waja da Cham a kudancin Gombe, mutanen duwatsun Ningi. Kuma gaskiya ɗaya ce, da yawa daga cikin mahayan nan daga masarautunmu suka fito, da harshenmu suke magana. Kirarin da ake yi wa Tula, maza ba tsoro, daga wannan zamani ya samo tushe. Da Turawa suka zo suka ga wahalar hawa karɓar haraji, sai aka yi ta matsa wa mutane su sauko, wasu kuma suka sauko don kansu da zaman lafiya ya samu. Shi ya sa a kan duwatsu da yawa abin da za ka tarar kufai ne: zoben duwatsun da aka aza rumbu a kai, ramukan niƙa a jikin fa, katangar kerana da ta zama daji, fasassun tukwane, kaburbura. A idonka kango ne. A idon mutumin da ke gindin dutsen, ɗakin kakarsa ne.

Don haka in kun isa gari, kafin ku kalli dutse ku nemi ƙofar mai unguwa ko jauro ko dagaci, duk wanda ke riƙe da wurin. Ku tuɓe takalmi, ku gaisa sosai, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku. Ku tafi da goro ko ɗan abin gaisuwa, ku kuma riƙe katin makaranta. Shi zai haɗa ku da ɗan jagora, yawanci maharbi ko manomin da gonarsa ke sama. Ku yi ciniki da shi tun a ƙasa, ku biya shi da daraja, kada ku mai da shi yaron ɗaukar kaya. In zai yiwu ma, mutum biyu daga cikinku su je mako guda kafin ranar su yi wannan gaisuwa. Abin da za ku samu a zaman nan na rabin awa, babu taswirar da za ta ba ku: wace hanya ce ruwa ya cinye bana, wane kogo ne ƙudan zuma suka tare, wane rafi ne bai ƙafe ba, ina ne ba a shiga.

Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau. Kusan kowane dutse yana da kurmi ko kogo da masu shi suka keɓe, wani na tsafi ne, wani maƙabarta ce, wani mata ba sa zuwa, wani baƙo ba ya zuwa. Ba a ce ku yarda da abin da suka yarda da shi ba. An ce kada ku shiga. Kai ma ba za ka so baƙo ya kutsa cikin gidanku da kyamara don ya ga ginin ya burge shi ba. Na taɓa raka ɗaliban wata makaranta wani dutse a kudancin Bauchi, muna hutawa ashe uku daga cikinsu sun zame da gwangwanin fenti, suka rubuta sunayensu da shekara a jikin wani fa da ke bakin tsohuwar maƙabartar garin. Ɗan jagoranmu bai ɗaga murya ba. Ya dai zauna ya yi shiru, ya daɗe, sannan ya ce mu sauka. Na koma garin sau biyu ina ba da haƙuri, an karɓe ni da mutunci, amma shekaru suka wuce ba a sake barin wata makaranta ta hau ba. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai raina ya ɓaci. Kuma a kan zanen kogo abin ya fi muni: kada a taɓa, kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada a bi shi da alli ko gawayi. Abin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana jure rana, hannu mai gumi yana iya gamawa da shi.

Sauran ladubban ka san su daga gida. Ba a ɗaukar mutum hoto sai da izininsa, balle matan aure. Ba a taka bakin gonar dutse, a bi inda jagora ya bi. Garuruwa da yawa a kudancin Gombe da Bauchi Kiristoci ne ko gauraye, saboda haka safiyar Lahadi ba lokacin neman jagora ba ne. In an miƙo muku abin sha da ba ku sha, ku yi godiya ku ce ruwa ya isa, ba sai kun yi wa'azi ba. Ku sayi abin da suke sayarwa, gyaɗa ko zuma ko rake, ya zama zuwanku ya bar wani abu.

Lokaci kuwa, ni na fi son daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu. Da damina dutse na da santsi, rafi na iya cika cikin minti kaɗan ya raba ku da gida, ga tsawa a kan tudu. A Oktoba daji ya fi kyau amma ciyawa ta fi mutum tsawo, ba ka ganin inda kake sa ƙafa. In hunturu ya yi nisa hazo yakan rufe nesa, ka hau har ƙololuwa ka rasa abin kallo. Daga Maris zuwa Mayu kuwa kada ma ku fara, fa yakan yi zafin da zai ratsa takalmi.

Hikimar hanyar zagaye ita ce ba ka maimaita abin da ka gani, ka hau ta gabas ka sauko ta yamma. Amma tana da tarko: in ka wuce rabi, komawa baya ya fi ci gaba nisa, kuma abin da ke gaban ba ka san shi ba. Shi ya sa ake lissafi tun a gida. Akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan mai suna Naismith ya fitar a 1892, har yanzu ana aiki da ita: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Zagayen kilomita 8 mai hawan mita 300 ke nan zai ci awa biyu da 'yan mintoci. Wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne a ƙasa mai sanyi, wanda ba ya tsayawa. Ku da kuke mutum tara, sababbin hawa, ga rana ga hoto, ku ninka shi, ku ce awa huɗu. Kada zagayenku na farko ya wuce haka. Ku kama hanya da an sallame asuba gari ya fara wayewa, ku ɗauki ɓangare mai tsauri da sanyin safiya, ku bar mai sauƙi don saukowa, ku yi azahar a ƙasa. Ku yanke tun farko cewa in ƙarfe goma ta yi ba ku kai rabi ba, za ku juya, kuma kada a yi gardama a kai in lokacin ya zo. Jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe. Ba a rabuwa. Kuma ku sani an fi faɗuwa a saukowa, lokacin da gwiwa ta gaji hankali ya riga ya isa gida.

Ruwa lita uku kowane mutum, ban da na alwala, da ƙunshi biyu na garin gishiri da sukari na kemis. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, burodi. Kambas mai tauri da ya saba da ƙafarka, ba sabo ba, ba silifas ba. Dogon wando mai kauri saboda ƙarangiya da ƙarara, hula mai baki, sanda, tocila ko da kuna ganin da rana za ku dawo. Ledar fiya wata da kuka sha ta koma jaka. In kun ga tinya ko kerana kada ku karya, farin ruwansu in ya shiga ido yana iya makantarwa. Wayarka tana iya nuna inda kake ko babu sabis in ka sauke taswirar tun a gari, amma ba ta san hanyar ƙafa ba, kada ka fifita ta a kan jagora.

Maciji sai na ɗan daɗe a kansa, tunda kudancin Gombe kuke tunani. Ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Yankin nan matattarar kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƙarama ce, ba ta cika wuce tsawon hannu ba, launinta irin na ƙasa da tsakuwa, tana kwana ƙarƙashin dutse da tarin kara. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi ko ya zuba a ciki. Kariya ba ta da wuya: takalmi rufaffe, kada ka zura hannu a rami ko tsaga, kada ka ɗaga dutse da hannu, ka duba kafin ka zauna, in za ka haye gungume ka taka kansa ka leƙa tukuna. In kuwa tsautsayi ya faɗa, to ku saurare ni da kyau. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman macijin ko mai magani. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora wa ƙafar ko hannun sanda a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a sauko da shi, a nufi asibiti kai tsaye ko da yana cewa ba ya jin komai. A can za su ɗebi jini su ajiye minti 20 su ga ko ya daskare, in bai daskare ba su yi masa allurar kashe dafi. Waɗanda na ga an rasa, kusan duk jinkiri ne ya ci su. Don haka tun kafin ku hau, ku san ɗan acaɓa ko mai mota a garin da za ku kira, ku karɓi lambarsa.

Ƙudan zuma ma ba abin rainawa ba ne a kogo. Ban da turare mai ƙarfi, ban da hayaniya ko jifa kusa da tsaga. In sun taso, a rufe fuska a bi hanya a yi nisa, kada a ruga ta gefen gangare.

Tsaro kuwa, ba zan ɓoye maka ba, dajin yau ba na lokacin da na fara aiki ba ne. An sha samun masu garkuwa da mutane a wasu dazuzzukan Toro da Ningi da Alkaleri, kuma abin yana sauyawa daga wata zuwa wata. Labarin bara ba ya amfani. Ku tambayi mai gari da mafarauta da 'yan banga a makon da za ku je, ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ku bar wa iyayenku sunan garin da lokacin dawowa. Kada ku sa a Facebook cewa gobe za ku wuri kaza, ku bari sai kun dawo. Kada ku kwana a dutse. In mai gari ya ce kada a hau, magana ta ƙare, ku sha ruwa ku yi godiya ku juya.

Da ni ne ku, zan fara da dajin Kanawa da ke nan kusa da ku a Yamaltu Deba, ku gwada ƙafafunku da takalmanku a inuwa, ku ga wa ke saurin gajiya. Bayan nan sai Tula: ku bi hanyar Yola ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, ku hau. Can akwai gari a sama, akwai gonakin dutse, akwai tsohon gidan yarin zamanin Turawa, kuma hanyoyin ƙafa tsakanin unguwanni sun isa a haɗa zagaye mai kyau da taimakon ɗan gari. Dass da duwatsun Mbula ku bar su zuwa karo na uku.

Ka ce me zai hana a yi irin ta Italiya a nan. Babu abin da zai hana, amma ina roƙonka kada ka fara da tunanin kwangila, a zo da siminti a kafa mutum-mutumi a kan dutsen mutane, a yanka kirtani a tafi. Na ga abubuwa da yawa da aka yi wa ƙauye ba da ƙauyen ba, damina biyu suke yi. Ka tuna ƙauyukan Faransa shida da na ce ka riƙe: su suka gayyato masu fasahar, su suka ba su ɗaki. In za a yi a nan, gari ɗaya ya isa a fara da shi. Dattawa su nuna inda aka yarda a bi da inda ba a yarda ba. A sa alama da 'yan tarin duwatsu a mararraba. Masu jeren dutse na garin su gina wurin zama a inda ake hango kwari, masu saƙar zana da asabari su yi rumfa, magina su ɗora rumbu irin na da a kan tsohon gurbinsa in masu gurbin sun yarda, maƙeri ya nuna yadda ake aiki da zuga-zugi. A sa wa bishiyoyi suna da harshen garin da Hausa, kaɗanya da ɗorawa da marke da hano mai ɓawo kamar takarda. Kuɗin jagora ya tsaya a garin, a san wanda ke riƙe da shi. A cikin ku tara ba za a rasa mai karanta zane ko labarin ƙasa ko tsirrai ba. In kun je Tula, bayan kun sauko kun huta, ku tambayi jagoranku ko garinsu zai so irin wannan, ku rubuta abin da ya ce, ku kawo mini mu duba tare. Ka gaida abokan naka, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.